Sulen Gwaji, Kwabo Mai Huji ko Sisin Gwal: Wanne Mutumin Kaduna Zai Zuba wa Kuɗinsa?

Ranar wata Asabar bayan la'asar, ɗan yayata ya yi sallama gidana a Tudun Wada da wani tsohon gwangwanin madara a hannu, an toshe bakinsa da tsumma. Ko gaisawa ba mu gama ba ya zazzage shi kan tabarma. Ajiyar marigayiya kakarsa ce, wato mahaifiyarmu: aninai, kwabbai masu huji, taro guda uku, sulalla da suka yi baƙi ƙirin, sai wata ƙatuwar dala ta azurfa da aka taɓa yi wa kunne don ratayawa a wuya. Ya tsamo kwabo ɗaya ya haska shi da fitilar waya.

"Kawu, karanta nan. Edward na takwas, 1936. Kuɗin sarkin nan aka sayar fam miliyan ɗaya a Ingila. Wallahi a Facebook na gani."

Na karɓa na jujjuya. Yaron bai yi ƙarya ba. Sunan sarkin na nan zagaye da hujin, shekarar na nan a baya ƙarƙashin tauraro mai tsini shida, labarin fam miliyan ɗin kuma gaskiya ne. Sai dai kwabon da ke hannunsa, ko an kai shi gaban masu tara tsofaffin kuɗi, da wuya ya wuce kuɗin shinkafa da miya faranti biyu. Da na gaya masa haka bai karaya ba. Yana da 'yan kuɗin da ya tara a sana'ar waya, ya ce shi dai abin ya riga ya shiga ransa, in wannan ba shi ne mai tsadar ba to a nuna masa mai tsadar ya saya.

Hanya uku ce a gaban mai irin wannan sha'awa a garin nan. Ko dai ya bi sulallan gwaji da ake gwanjonsu a Landan da Amurka, ko ya tara kuɗin ƙarfe na ƙasarmu tun daga anini zuwa kwandala, ko kuwa ya sayi sisin gwal ya ajiye. Duk ukun ƙarfe ne mai zagaye, amma kasuwarsu ba ɗaya ba ce, haɗarinsu ma haka.

Bari in fara da wanda ya tayar da maganar. Kafin gwamnati ta saki sabon kuɗin ƙarfe, gidan buga kuɗi yakan buga 'yan ƙwayoyi don a gani: a duba zane, a auna nauyi, a gwada ƙarfen, a kai wa sarki ko majalisa su amince ko su ce a sake. Kamar tela ne da aka ba kwangilar kayan makaranta ɗari biyar, ya fara ɗinka ɗaya ya kai wa hedimasta. In an yarda sai a buga miliyoyi. In ba a yarda ba, sai a narkar da samfurin ko a kulle shi a ma'ajiya. 'Yan tsirarun da suka sulale suka shiga hannun mutane, su ne sulallan gwaji. Ba a sake su don a yi cefane da su ba, saboda haka da wuya a tsince su a gwangwanin kaka.

Edward na takwas ya hau gadon sarautar Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar, saboda ya dage sai ya auri Wallis Simpson, wata Ba'amurkiya da ta riga ta yi aure har sau biyu. Kafin nan gidan buga kuɗin Ingila ya gama shirya sababbin kuɗi masu hotonsa da shekarar 1937. Har gardama aka sha a kan hoton. Al'adarsu ita ce kowane sabon sarki ya juya fuskarsa saɓanin ta wanda ya gada. Mahaifinsa George na biyar hagu yake kallo, shi kenan ya kamata shi ya kalli dama, amma ya ce a'a, ɓangaren hagunsa ya fi kyau don a nan tsagar sumarsa take. Murabus na zuwa aka tattara samfuran aka rufe. Daga baya ya roƙi a ba shi saiti ɗaya, ƙanensa George na shida, wanda ya gaje shi, ya hana.

Daga cikin waɗannan samfura akwai fam ɗaya na zinariya, guda shida kacal aka sani da shi. A 2014 an yi gwanjon ɗaya a kamfanin Baldwin's na Landan a kan fam 516,000. A Janairun 2020 shi wannan ɗin aka sake sayarwa fam miliyan ɗaya, wannan karon ba a gwanjo ba, cinikin sirri ne da gidan buga kuɗin Ingila ya shiga tsakani. A Maris na 2021 kuma babban yayansa, mai fam biyar, ya tashi dala miliyan 2.28 a gwanjon Heritage Auctions a Amurka. Nauyin mai fam ɗayan bai cika giram takwas ba. Wato zinariyar da ke jikinsa ba ita ake biya ba, ƙaranci ake biya, da labari, da kuma ɗimbin attajiran da ke son abu guda a lokaci guda.

To ina kwabon ɗan yayata ya samo sunan sarkin? Kuɗin Afirka ta Yamma masu huji ba su da hoton sarki, hujin ya cinye wurin, suna kawai ake rubutawa. Ba a jira an gama gardamar tsagar suma ba, aka buga anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo na 1936 da sunan Edward, miliyoyi, a Landan da Bamingham, aka loda a jirgi zuwa Nijeriya da Saliyo da Gambiya da ƙasar da yanzu ake kira Gana. An yi haka ga Afirka ta Gabas da Fiji da Niyu Gini. Abin dariyar shi ne iyayenmu a Kaduna sun sayi ƙosai da kuɗin Edward, alhali mutanen Landan ko taɓa nasu ba su yi ba. Sarki ɗaya, zamani ɗaya, amma ɗaya guda shida ne a duniya, ɗayan kuwa ana auna shi da gwangwani.

Kasuwar sulallan gwaji ta fi ƙarfi a Amurka, inda kowane samfuri yake da lambarsa da ake kira lambar Judd, daga sunan likitan da ya tsara su a 1959. A can ne aka sayar da wani senti na gwaji na 1792, wanda ake kira Birch, a kan dala miliyan 2.585 a Janairun 2015. Akwai kuma Stella, dala huɗu ta zinariya da aka gwada a 1879 da 1880 don ta yi daidai da kuɗin Turai, majalisarsu ba ta amince ba. A nan akwai darasi ga mai saye. Stella ta 1879 mai sakakkiyar suma an buga ta ɗaruruwa, har aka rarraba wa 'yan majalisa, saboda haka kusan kullum akwai ta a kasuwa ga mai hali. Ta 1880 mai naɗaɗɗiyar suma kuwa ba ta wuce a ƙirga da yatsu ba, ita ce ta kai dala miliyan 2.574 a gwanjon Bonhams a 2013. In ka ajiye su gefe da gefe, wanda bai sani ba zai ce kitso ne kawai ya bambanta su.

Waɗannan alkaluma su ne ke yawo a waya suna tayar wa matasa hankali. Abin da ba ya yawo shi ne lissafin shiga da na fita, kuma a nan ne mutumin Kaduna yake shan kashi.

Mu nan in aka ce gwanjo, Kasuwar Barci ke faɗo mana a rai, inda za ka taya riga a ce albarka, ka ƙara ɗari biyu a sallama. Gwanjon can ba haka yake ba. Kana ƙara farashi ne ba ragewa ba, kuma kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne za ka biya ba. Gidan gwanjo yana ɗora wa mai saye la'ada, galibi kashi 20 cikin ɗari ko sama da haka. Ranar da za ka sayar kuma sai a sake yankar wata la'adar daga wajenka. Mu ɗauki misali don lissafi kawai: an buga maka guduma a dala 1,000, ka biya 1,200. Ka ce la'adar mai sayarwa kashi 10 ce. Kafin uwar kuɗinka ta dawo, sai an buga guduma a wajen dala 1,333. Wato sai abin ya tashi da kashi ɗaya cikin uku kafin ka fara maganar riba, ban ma sa kuɗin aikowa da inshora da abin da kwastan za su ce ba, zuwa da komawa. Ga shi sai kana da asusun dala, wasu masu sayarwa ma in suka ga adireshin Nijeriya sai su ce ba sa aikowa.

Sannan ba kullum farashi ke hawa ba. Akwai wani dinarin zinariya na daular Umayyawa, na shekara ta 105 bayan Hijira, wanda aka rubuta a jikinsa cewa daga ma'adinin Amirul Muminina na Hijaz yake. Ba na gwaji ba ne, amma yana cikin kuɗin Musulunci mafi tsada. A 2011 kamfanin Morton & Eden na Landan ya sayar da irinsa fam miliyan 3.72. A 2019 kamfanin ya sake gwanjon irinsa, aka tashi a fam miliyan 3.72. Shekara takwas, ko sisi bai ƙaru ba. In haka ta faru ga abin da sarakunan mai ke rububi, ina ga ƙaramin samfurin da masu sonsa a duniya ba su wuce cikin mota ɗaya ba? Ranar gwanjo in biyu daga cikinsu suka yi zuciya, farashi ya yi sama. In ɗaya yana asibiti, sai ka kwashi kayanka.

Babbar matsalar ma ita ce a Kaduna babu wanda zai saye shi daga hannunka. Ranar da buƙata ta taso, ko kuɗin makaranta ko na asibiti, ba za ka ɗauki sulen gwaji ka shiga Kasuwar Gumi ka fito da kuɗi ba. Mai gwal zai ɗora shi a sikeli ya gaya maka nauyinsa, in ma na tagulla ne ya miƙo maka abinka. Sai ka mayar da shi inda ya fito, ka jira lokacin gwanjo, ka sake jiran a biya ka. Watanni ke nan.

Jabu kuwa iri biyu ne a wannan fage. Akwai na ɓarayi, wanda aka kwaikwaya don a cuce ka. Akwai kuma wanda ya fi kama mutane, don ba a ɓoye yake ba: tun shekarun 1950 wasu 'yan kasuwa masu zaman kansu a Ingila suke buga manyan sulalla masu hoton Edward na takwas da shekarar 1936, da sunayen ƙasashe daban-daban, don sha'awa kawai. Babu gwamnatin da ta sa su. Suna cike da intanet da sunan samfuri, suna ƙyalli, ga araha. Wanda ya saya yana zaton ya yi tsintuwa, lambar ado ya saya. Abin da ke raba gardama shi ne tantancewa. Kamfanoni biyu na Amurka aka fi yarda da su, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Sukan duba sulen, su ba shi maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi a gidan roba mai lamba, kuma kowa na iya shiga shafinsu ya duba lambar. Har gidan robar ana yin jabunsa, don haka a haɗa lambar da hoton da ke shafin.

Bayan maki sai salsala, wato sanin hannun da abin ya bi kafin ya iso gare ka, kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi. Sarki Faruk na Masar ya tara sulallan gwaji na Amurka masu ɗimbin yawa, bayan an tumɓuke shi aka yi gwanjonsu a Alƙahira a 1954, har yau kuma in aka ce sule ya bi ta hannunsa ana rubutawa a takardar gwanjo. Salsala tana da wani amfanin: gwamnati na iya cewa abin nata ne tun asali. Amurka ta buga senti na alminiyam na gwaji da shekarar 1974 sama da miliyan ɗaya, ta fasa, ta narkar, kuma wanda ya ɓulla a hannun wani mutum ƙarshenta mayar mata da shi aka yi a 2016. Dala ashirin ta zinariya ta 1933, wadda aka buga ba a saki ba, guda ɗaya tak doka ta yarda wani ya mallaka, ita ce aka sayar dala miliyan 18.9 a Sotheby's a 2021. Sauran da suka ɓulla ƙwace su aka yi.

Yanzu mu dawo gwangwanin kaka, wanda ni a ganina an raina shi fiye da kima.

Kuɗin ƙarfe na Turawa da aka yi musamman don ƙasar nan sun fara ne a 1907, zamanin Edward na bakwai. Aninin 1907 da na farkon 1908 na alminiyam ne, yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Bai jure yanayinmu ba, yana cin kansa, sai aka koma farin ƙarfe. Saboda haka samun mai lafiya a cikinsu ba ƙaramin abu ba ne. A jikin waɗannan na farko an rubuta sunan Nijeriya, shekaru kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914, kuma akwai rubutun Larabci da ke faɗin darajar kuɗin, don an san su wa za su karanta. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 ta fito da taro da sisi da sule da fataka (sule biyu) na azurfa, sule da fataka da hoton itacen kwakwa. A 1920 aka bar azurfa aka koma tagulla. A 1938 aka yi wa sule da fataka wani kwari a gefe don a wahalar da masu buga jabu. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a Yulin 1959 da kuɗin Tarayya masu sunan Sarauniya Elizabeth, ciki har da taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga. Sai 1 ga Janairun 1973 da naira da kwabo suka zo, sule ya zama kwabo goma. Kwandalar naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay ta zo a 1991, mai naira biyu kuma a 2007.

Wannan tarihi duka mutum na iya jera shi a faifai guda da kuɗin da bai kai na wayar hannu ba. Ga shi kana da abin da Baturen Landan ba shi da shi: kana zaune a inda kayan suke. Suna cikin adakar tsofaffi, suna wurin 'yan koli da maƙeran azurfa, wasu ma na tabbata sun bi buhun tagulla zuwa Panteka an auna su da kilo. Kuma a nan ilimi yana biya. Yawancinsu suna ɗauke da ɗan ƙaramin harafi da sai an ƙura ido: H na masana'antar Heaton ce a Bamingham, KN na King's Norton, SA na Afirka ta Kudu, wanda ba shi da harafi kuma na gidan buga kuɗin Landan ne. Shekara ɗaya, harafi daban, sai ka ga wani ya cika kasuwa wani kuwa ana nemansa ruwa a jallo. Akwai ma wanda masu sana'ar ke kira alfadari, don uwa daban uba daban: a 1936 a Heaton an yi kuskuren haɗa tambari, aka buga kwabon da fuskarsa ta senti goma ce ta Afirka ta Gabas, bayansa kuma tauraron namu. Shi wannan yana da kuɗi sosai a kan ɗan'uwansa, kuma tun da kashe shi aka yi kamar kowane kwabo, ba abin mamaki ba ne a same shi a gwangwani.

Kada dai a ruɗi kai. Kuɗin da ya yi shekara talatin yana yawo tsakanin mai goro da mai kalanzir ya goge, masu saye na waje kuwa wanda bai taɓa shiga hannu ba suke biya da tsada, irin wanda ya kwana a ma'ajiyar masana'antar. Tara kuɗin gida ba hanyar arziki ba ce. Amma asararsa kaɗan ce, kuma shi ne makarantar da ke koya wa ido bambanta na gaske da na bogi kafin mutum ya tura dala dubu ƙasar waje. Wanda ya gama wannan makaranta, in har yana son sulen gwaji, akwai na gida: gidajen da suka buga mana kuɗi sun bar samfuran Afirka ta Yamma, wasu har da kalmar TRIAL ko SPECIMEN a jiki, suna fitowa jefi-jefi a gwanjon Spink da Noonans a Landan, kuma farashinsu bai kama ƙafar na Amurka ba. In da ni ne mai saye, nan zan fara, don aƙalla na san zanen da ya kamata in gani.

Wani kashedi da na saya da tsada: kada a wanke. Shekarun baya na sami sulalla huɗu na azurfa masu kwakwa, na ga sun yi duhu, na samo toka da lemun tsami na dirje su har suna ɗaukar ido. Da na nuna hotonsu ga wani da ya daɗe a harkar, tambaya ɗaya ya yi mini: "Malam, wa ya aike ka?" Wannan duhun da na kankare shi ne shaidar shekarunsu, ƙananan zanen da tokar ta bari kuwa ba sa fita har abada. Na ɗan sami sauƙi da na ji cewa Sarki Faruk ma an san shi da wannan ɗabi'a ta goge kuɗi, har yau masu gwanjo na kuka da shi. A sa kowanne a 'yar ambulan ta takarda, a riƙe shi ta gefe, a nisanta shi da laimar damina da ledar da ke sa tagulla ta yi kore.

Ita kuwa ƙatuwar dalar nan, ɗan yayata ya fi sa rai a kanta fiye da komai, don an rubuta 1780. Washegari muka kai ta wurin wani maƙerin azurfa. Ya karɓa ko shekarar bai duba ba, ya ƙwanƙwasa ta a kan uwar maƙera ya saurari ƙararta, ya ɗora a sikeli, ya ce, "Alhaji, duk ɗaya suke, kowacce ka gani shekarar ke nan." Gaskiyarsa. Mariya Tereza ta Ostiriya ta rasu a 1780, fatake daga Habasha zuwa ƙasar Larabawa har ƙasar Hausa suka ƙi yarda da wata dala sai mai hotonta, saboda haka aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar, ɗaruruwan miliyoyi, a Biyana da Landan da Rum da Bombai. Nauyinta giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Tamu da aka yi wa kunne, kuɗin azurfarta kawai za ta yi. Muka mayar da ita gida, don a wuyan mahaifiyarmu muka san ta.

Sisin gwal ba ya buƙatar dogon bayani, matan garin nan sun fi ni saninsa. Fam ɗin zinariya na Ingila da aka saba gani nauyinsa giram 7.98 ne, karat 22, daidai da na Edward mai fam miliyan, sai dai shi kuɗinsa na bin farashin zinariya na ranar, wanda kowa ke iya dubawa a waya. Ka shiga kasuwa da safe, ka fito da kuɗi kafin azahar. Masu cewa sulen gwaji yana kare mutum daga faɗuwar naira ba su yi ƙarya ba: dala tana wajen naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023, a farkon 2024 ta haura 1,500. Amma zinariya ma da dala ake mata farashi, wannan kariyar tana bayarwa ba tare da la'adar gwanjo da jiran watanni ba. Aibinta shi ne tana faɗuwa ita ma, daga wajen dala 1,900 kowane oza (ma'aunin zinariya) a 2011 ta sauko kusan 1,050 a ƙarshen 2015, ga ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, ga ɓarawo ya san ta. Sannan ba za ta taɓa ninkawa don ƙaranci ba, kuma babu wani labari a cikinta da za ka ba jikoki. In ta kai nisabi, misƙali ashirin, wajen giram 85, zakka ta hau. Mai niyyar sayen samfurin zinariya ta gwanjo kuma ya fara zama da malami, don hukuncin musayar zinariya da kuɗi hannu da hannu ne, gwanjo kuwa biya yau ne karɓa wata mai zuwa.

Akwai doka ta gida da ya kamata a sani. Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izini ba, don haka mai son aika tsohon abu waje ya fara leƙawa Gidan Tarihi da ke titin Ali Akilu ya tambaya. Dokar Babban Banki ta 2007 kuma ta hana cinikin naira da lalata ta, wannan ya shafi kuɗin da har yanzu doka ta san da su.

Abin da na gaya wa ɗan yayata ke nan a taƙaice. In kuɗin nan jari ne, ko akwai yiwuwar ya neme su kafin shekara biyu, ya sayi gwal. In sha'awa ce ke cinsa, ya ware abin da ba zai yi masa ciwo ba ya fara haɗa saitin 1959 da na 1973, sannan ya koma baya zuwa masu huji, shekara-shekara, harafi-harafi. Sulen gwaji kuwa sai ranar da yake da dalar da zai iya mantawa da ita shekara goma, kuma ko a ranar, sai mai gidan roba da lamba, daga gidan gwanjon da aka sani, bayan ya duba nawa aka sayar da irinsa a baya ya yanke iyakar da ba zai wuce ba. Wanda duk ya kira shi a waya ya ce akwai Baturen da ke jiran kwabo mai huji a kan miliyoyi, sai dai a fara biyan kuɗin gwaji, ya kashe wayar.

Ya yi shiru, sannan ya jawo tabarmar ya ware duk masu 1936 gefe guda. Guda bakwai ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da fitila yana neman senti goma, bai samu ba, duk kwabo ne da Larabcinsu. A ƙasan gwangwanin dai ya ci karo da wani anini mara nauyi kamar marfin kwalba, gefensa ya ciccinye, an rubuta 1908. Ya tambaye ni ko ina da ambulan.